Maleriya da Taifot: Masassara Ɗaya, Halitta Biyu

Shirinmu na musamman na yau daga Badariya yake zuwa muku, a nan Birnin Kebbi.

Da zarar damina ta kankama, fadamar Rima ta cika, duk wanda masassara ta kayar ka je duba shi, amsar ɗaya ce: "Maleriya da taifot ne." Kullum tare ake ambatonsu, har wasu na ɗauka ciwo ɗaya ne. Amma a wurin masana halittu, ƙwayar da ke kawo maleriya ta fi kusa da mutum, ta fi kusa da shinkafar da muke nomawa da kifin Argungu, a kan ƙwayar da ke kawo taifot. Dalilin kuwa yana cikin ƙirar ƙwayar halitta.

Duk mai rai da ƙwayoyin halitta aka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin baktiriya a 1676 da gilashin da ya goga da hannunsa. Daga baya aka gane cewa ƙwayoyin nan gida biyu ne: furokariyot da yukariyot. Baktiriyar taifot da ta kwalara, da wadda ke sa madara ta zama kindirmo, duk furokariyot ne. Mu da dabbobi da tsirrai, da yis ɗin burodi, da ƙwayar maleriya, yukariyot ne.

Furokariyot tamkar shagon gwauro take: ɗaki ɗaya, a nan ake girki, a nan ake kwana, takardu kuma suna zube a tsakar ɗakin. Takardun nan su ne DNA, zaren da ke ɗauke da bayanin gado, kuma a baktiriya yawanci zobe ɗaya ne wanda babu abin da ya kange shi. Yukariyot kuwa gidan gandu ce mai sassa. Akwai turaka, wato cibiyar ƙwaya, inda aka killace DNA cikin tantani; ta mutum tana ɗauke da kuromosom 46, ta ƙwayar maleriya 14. Akwai madafa, mitokondiriya, inda ake ƙona sukari a fitar da kuzari. Akwai sashen Golgi da ke ƙunshe kaya ya aika inda ake bukata, da laisosom mai narkar da shara. A ganyen shinkafa har da kuloroflas, mai kama hasken rana ya haɗa abinci. Girma ma ba ɗaya ba: sai an jera baktiriyar taifot ɗaruruwa kafin su cika milimita 1, alhali ƙwayar jikin mutum takan ninka ta sau 10 ko fiye a tsawo.

Sai dai shagon gwauron nan yana da abin da mu ba mu da shi: katanga. Baktiriya tana kewaye kanta da bango mai tauri, wanda in babu shi ruwa zai kwarara cikinta ta kumbura ta fashe. A nan maganar ta shigo kemis.

A 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta kashe baktiriyar da ke kewaye da ita. Daga nan fenisilin ya samo asali, kuma aikinsa shi ne hana baktiriya gina bangon nan. Amoksisilin da allurar seftiriyazon ma nan suke sara. Ƙwayar jikinka ba ta da wannan bango, shi ya sa maganin ke wuce ta. Ƙwayar maleriya ma ba ta da shi. Don haka uwar da ta ɗura wa yaro mai maleriya amoksisilin, ta kashe kuɗi ne kawai, ciwon yana nan yana cin jini.

Wuri na biyu da magungunan baktiriya ke sara shi ne raibosom, inda ake ƙera furotin. Kowace ƙwaya tana da shi, amma na baktiriya ƙarami ne, ana ce masa 70S, namu 80S. Tetirasaikilin da kuloramfenikol da azitiromaisin na baktiriyar suke toshewa.

Ita kuwa ƙwayar maleriya, likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya gan ta a jinin mara lafiya a garin Kusantina na Aljeriya a 1880, lokacin da wasu masana ke cewa baktiriya ce. Kusancinta da mu shi ya sa yaƙi da ita ke da wuya: gubar da za ta kashe ta sau da yawa za ta taɓa mai ɗauke da ita. Ga sauya kama: siffarta a hanta daban, a jini daban, a cikin sauro daban. An samu rigakafin taifot tun 1896, amma na maleriya sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farko. A Disambar 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin maleriya ta R21 a Najeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ba don gata aka zaɓe mu ba: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, mafi yawa a duk ƙasar.

To ina taifot ɗin da ake cewa kowa na da shi? Gwajin Widal da aka fi yi ba ƙwayar yake gani ba, martanin jini yake aunawa, kuma yakan nuna akwai ga wanda ya warke tuntuni, har ga mai maleriya zalla. Tabbaci sai an shuka jinin a ɗakin gwaji baktiriyar ta tsiro. A ganina, kafson da muke sha ba dalili ya fi wanda muke bukata yawa, kuma baktiriya ba ta barin bashi ya kwana. Wasunsu kan rabu biyu cikin minti 20, suna kuma miƙa wa juna ƙananan zobban DNA masu koya musu jure magani. Ta wannan hanya aka samu taifot mai bijire wa mafi yawan magunguna a lardin Sindh na Pakistan tun 2016.

Wani mai sauraro zai ce, ai ya taɓa ganin likita ya ba matafiyi doksisaikilin, maganin baktiriya, don kariya daga maleriya. Gaskiya ne, kuma ga sirrin. A 1967 Lynn Margulis ta kafa hujjar cewa mitokondiriya da kuloroflas asalinsu baktiriya ne da suka zauna cikin wata ƙwaya har suka zama 'yan gida. Har yau suna da nasu DNA da raibosom irin na baktiriya, kuma mitokondiriyarka daga mahaifiyarka ka gaje ta, ba daga mahaifi ba. Ƙwayar maleriya tana ɗauke da ragowar irin wannan kuloroflas, ana ce masa afikoflas, shi doksisaikilin ke lalatawa. Amma a hankali yake aiki, sai 'ya'yan ƙwayar sun fito sannan su mutu. Shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai ga wanda masassara ta riga ta kayar, ba a kuma ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Ga mai maleriya, haɗin atemisinin irin su Coartem ake bayarwa bayan gwajin jini.