Harry Rawson: Admiral ɗin da Ya Ci Birnin Benin

Idan ana maganar kayan tarihin Benin da ke jibge a gidajen adana kayan tarihi na Turai, ba kasafai ake ambaton mutumin da ya jagoranci kwaso su ba. Sunansa Harry Rawson, hafsan sojan ruwan Birtaniya, kuma tarihin aikinsa yana nuna yadda ake samun girma a rundunar da ta fi kowace ƙarfi a kan teku a ƙarni na 19.

An haife shi a yankin Lancashire na Ingila a watan Nuwamba na 1843, ya shiga sojan ruwa a 1857 yana ɗan shekara 13. Wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin, don haka ake ɗaukar hafsoshi tun suna yara, su koyi igiya da taswira da igwa a cikin jirgi. Bai daɗe ba aka tura shi yaƙin da Birtaniya ke yi da ƙasar Sin. Ya zama laftana a 1863, kwamanda a 1871, kyaftin a 1877. A 1878, lokacin da Birtaniya ta karɓi tsibirin Kubrus daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, shi ne ya ɗaga tutar ƙasarsa a birnin Nikosiya. A yaƙin Masar na 1882 kuwa aikin jigilar sojoji da kayansu aka ba shi.

Matakin da ya fi wuya a wannan tsani shi ne na kyaftin, domin sai manya sun ga mutum sun zaɓe shi. Wanda ya haye wannan, saura yawanci bin layi ne: na gaba ya mutu ko ya yi ritaya, na baya ya matsa. Ta haka Rawson ya zama riya admiral a 1892. Amma akwai wata matsala da ta dami hafsoshin zamaninsa. Babu wata babbar rundunar ruwa da Birtaniya ta gwabza da ita a duk tsawon aikinsa, saboda haka mai neman suna da lambar yabo sai ya same su a ƙananan yaƙe-yaƙe na bakin teku, inda igwar jirgi ke fuskantar mutanen da ba su da irinta. A 1895 aka ba Rawson ragamar jiragen da ke kula da gaɓar Afirka daga sansaninsu na Afirka ta Kudu, nan ne kuma damarsa ta zo.

Mu fara da Zanzibar. Sarkin tsibirin, Hamad bin Thuwaini, ya rasu ran 25 ga Agusta 1896, sai Khalid bin Barghash ya shige fada ya hau gado ba da yardar Turawa ba. Suka ba shi wa'adi ya sauka kafin ƙarfe 9 na safiyar 27 ga wata. Ya ƙi. Jiragen Rawson suka buɗe wa fada wuta, kafin minti 40 an gama. Mutum wajen 500 na ɓangaren Khalid suka mutu ko suka ji rauni, a ɓangaren Turawa kuwa matuƙi ɗaya ne ya raunata. Littattafai suna kiransa yaƙi mafi gajarta a tarihi, har wasu na ba da labarin kamar abin dariya. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma biyu ya san ba gwabzawa aka yi ba.

Bayan wata biyar sai Benin. A farkon Janairun 1897 James Phillips, muƙaddashin babban jami'in Birtaniya a gaɓar kogin Neja, ya nufi birnin duk da an aiko masa cewa sarkin Benin, Oba Ovonramwen, yana cikin hidimar al'ada, ya dakata. Mayaƙan Benin suka tare ayarin a hanya, Turawa biyu kaɗai suka tsira, 'yan dako masu yawa suka halaka. Abin da jaridun Landan ba su damu da faɗa ba shi ne tun kafin tafiyar Phillips ya rubuta wa gwamnatinsa yana neman izinin tuɓe Oba, har yana cewa hauren giwar da ke fada zai biya kuɗin yaƙin. Ciniki ne a ƙarƙashin maganar, musamman na manja da roba, wanda Oba ke riƙe da linzaminsa.

Nan gwanintar Rawson ta fito, kuma gwaninta ce ta tsari, irin wadda ya koya a Masar. Cikin 'yan makonni ya tara mutum kusan 1,200 da jirage daga wurare masu nisa, da ɗimbin 'yan dako. Cikin mayaƙan har da sojojin Afirka na rundunar gaɓar Neja, waɗanda Turawan ke kira Hausawa a rubuce-rubucensu, ko da yake sunan a bakinsu yakan haɗa duk wani soja ɗan ƙasa mai jin Hausa. Ya raba rundunar uku: biyu suka ɗauke hankalin mayaƙan Benin ta Ughoton da Sapoba, babbar ta ratsa daji ta Ologbo da bindigogin Maxim, ƙishirwa na cin su. Ran 18 ga Fabrairu suka shiga birnin. Aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, wuta ta cinye fada da unguwanni, aka sayar da kaso mai yawa na kayan a Turai. Oba ya miƙa wuya daga baya, aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. A daidai makonnin yaƙin Benin ne kuma sojojin kamfanin Royal Niger suka auka wa Bida da Ilorin.

Turawan sun kafa hujja da yanka mutane don tsafi da suka ce sun tarar a birnin. Ko da hakan ya faru, bai bayyana dalilin da ya sa aka ɗora allunan tagulla na fada a jirgi aka kai kasuwa ba.

Sakamakon Rawson bai yi jinkiri ba. A 1897 aka ba shi lambar girma mai ɗauke da laƙabin Sir, ya ƙara hawa mataki a 1898, aka damƙa masa jiragen da ke tsaron mashigin Ingila. A 1902 aka naɗa shi gwamnan jihar New South Wales a Ostireliya, ya zama cikakken admiral a 1903, ya riƙe gwamna har 1909. Mutanen Sidni sun so shi, suna ganinsa dattijo mai sauƙin kai, har akwai wurare masu ɗauke da sunansa a can. Ya rasu a Landan a Nuwamban 1910 bayan an yi masa tiyata.

A 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,000 da ke gidajen tarihinta. Gidan tarihi na British Museum da ke Landan kuwa har yanzu yana riƙe da kusan 900.