Yawon Shaƙatawa Da Iyali A Yankin Tiga Da Duwatsun Rurum

A kudancin Jihar Kano, kimanin kilomita 70 daga birni, akwai madatsar ruwa ta Tiga wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gina ta domin noman rani, kuma daga gare ta ake tura ruwa zuwa gonakin Kadawa, amma faɗin tafkin da duwatsun da ke kewaye da shi sun sa jama'a na zuwa shan iska, musamman a bukukuwan Sallah. Mun shirya wannan bayani domin magidanta masu niyyar kai iyalinsu, da kuma dagatai da jami'an ƙananan hukumomin da baƙin ke sauka a ƙasarsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Disamba. A lokacin damina ta ɗauke, tafkin ya cika, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yi kaurin da za ta rufe hangen nesa ba. Da damina duwatsun suna da santsi, da bazara kuwa dutse kan yi zafin da yaro ba zai iya dafa shi ba tun kafin azahar.

Ga iyali mai ƙananan yara ko tsofaffi, zama a bakin tafkin ya wadatar. A nemi inuwa a tudu, nesa da gaɓa, a shimfiɗa tabarma. Daga wajen dutsen da aka gina otal ɗin Rock Castle a kansa ana ganin ruwan da faɗinsa ba tare da doguwar tafiya ba. Masunta kan fito da karfasa da tarwaɗa, kuma wanda ya zo da wuri yakan sami ɗanyen kifi ya kai gida. Ruwan sha dai a taho da shi daga gida.

Masu son hawa sai su nufi Rurum da ke Ƙaramar Hukumar Rano, inda manyan duwatsu suka hau kan juna. Shawararmu ita ce a fara gaida mai unguwa, a roƙi a haɗa baƙi da ɗan gari wanda ya san hanya, a kuma sallame shi da abin da ya dace. A fara hawa da sanyin safiya, a sa takalmi mai kama ƙasa, a bar silifa a mota. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya. Kada a bar yaro ya zura hannu a kogo ko tsagin dutse, saboda maciji da kunama. Ba dole ne a kai ƙololuwa ba. Inda mafi ƙanƙantar yaro ya gaji, nan tafiya ta tsaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne ruwan kansa. Tafkin madatsa ba kamar kududdufin gari ba ne, domin ƙasan yakan zurma kwatsam a inda mutum ke zaton iya gwiwa ne. Haka kuma babbar hanyar ruwan da ke fita zuwa gonaki tana da gudu, wanda ya zame ciki da wuya ya sami abin kamawa. Ko a gaɓa inda ruwa ke kwance, wanka na iya jawo wa yaro tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ake ɗauka daga ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa. Batun kwalekwale kuwa, jama'ar jiha ba su manta da hatsarin Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, a madatsar Watari, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Kada magidanci ya saka iyalinsa a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ko wanda babu rigar ruwa a cikinsa, ko bayan magariba, komai sauƙin kuɗin.

Dajin Falgore yana kudu da tafkin, amma ba wurin kai yara ba ne sai da izinin hukuma da rakiyar jami'ai.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni su keɓe wa baƙi wurin zama da na ajiye mota, nesa da mashayar shanu da gonakin da ba a girbe ba, domin a nan saɓani ya fi tashi tsakanin baƙo da ɗan gari. A ranakun Sallah yana da kyau a ajiye masunta biyu ko uku a gaɓa da jirginsu, a kuma sanar da asibiti mafi kusa. Su kuma baƙi su kwashe ledojinsu, su kashe duk wutar da suka hura da ruwa ko ƙasa, su kama hanyar gida bayan la'asar tun da sauran haske.