Kalmomin jirgin ruwa

Ɗan'uwa mai karatu, ƙasarmu ƙasar tudu ce. Mutumin Agye ko na Gazawa ya san amalanke, ya san raƙumi, ya san mota. Amma jirgin ruwa, da yawa cikinmu ba su taɓa shiga ba.

Duk da haka ruwa bai yi mana nisa ba. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina. Ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji. Kana ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne kawai. Da damina kuwa yakan cika, ya raba mutum da gonarsa ko da kasuwa. A tafkin Madarumfa akwai masunta da jiragensu. Ga kuma samarinmu masu tafiya cin rani Yamai ko Gaya, bakin kogin Kwara. Wata rana kai ma za ka tsaya bakin ruwa. Ya kamata ka san sunan kowane abu, don in mai jirgi ya yi magana ka gane.

Kwale-kwale shi ne ƙaramin jirgi. Wani ana sassaƙa shi daga gungumen itace guda. Wani kuma ana haɗa shi da katako. Ba shi da faɗi, shi ya sa yake saurin karkata.

Matuƙi shi ne mai tuƙa jirgi. Cikin jirgi shi ne babba, ko da yaro ne. In ya ce ka zauna nan, to zauna nan.

Filafili itace ne mai faɗi a kai. Da shi ake tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba.

Gora iri biyu ce, ka lura. Akwai gora doguwa, wadda matuƙi ke kafawa ƙasa ya tura jirgi inda ruwa ba zurfi. Akwai kuma gora na duma, babba, wanda masunta ke hawa da ciki ya ɗauke su bisa ruwa. Rubutu ɗaya ne, faɗi ya bambanta.

Fito shi ne ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gefe zuwa wancan. Mai wannan sana'a shi ne ɗan fito. Abin da kake ba shi kuwa kuɗin fito.

Gaɓa ita ce bakin gulbi, inda ruwa ya ƙare tudu ya fara. Mashigi kuwa wurin da mutane da dabbobi sunka saba ƙetarawa da ƙafa. Amma kada mashigin jiya ya ruɗe ka. In anka yi ruwa can Katsina da dare, gulbi na iya cika nan da safe, ko da ɗigo ɗaya bai sauka garinku ba.

Igiyar ruwa ita ce ƙarfin ruwa mai ja, mai tasowa yana kwantawa. Iska ke ƙara ta. Shi ya sa matuƙi na gari ba ya tashi in hadari ya haɗu.

Goshin jirgi shi ne gabansa. Bakin jirgi kuwa gefensa na sama. Wannan ka riƙe shi da kyau. Kafin ka shiga, dubi tsakanin bakin jirgi da ruwa. In ka ga ruwa ya kusa taɓa baki, jirgin ya cika. Kada ka shiga.

Kifewa ita ce jirgi ya juye, cikinsa ya koma ƙasa. Nutsewa kuwa ya cika da ruwa ya tafi ƙasa. Iyo, ko ninƙaya, shi ne mutum ya iya tafiya bisa ruwa da hannu da ƙafa.

Rigar ruwa riga ce marar nauyi da ake ɗaurawa a ƙirji. Tana riƙe mutum sama, ko bai iya iyo ba. In akwai ta, ka sa. Ba abin kunya ba ne.

Sarkin ruwa shi ne shugaban masunta da ƴan fito. Shi ya san inda rami yake. In kai baƙo ne, tambaye shi.

Me ya sa na dame ka da waɗannan kalmomi? Saurara. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a Bagwai cikin jahar Kano. Aƙalla mutum 29 sunka rasu. Yawancinsu yara ne ƴan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Allah ya jiƙan su.

Mu mutanen tudu muna da hali guda. Mun saba da motar kasuwa, inda ake cewa a matsa, akwai wuri. Mota in ta yi nauyi sai ta tsaya, a sauka a tura. Jirgi ba haka yake ba. Tsakiyar ruwa babu wurin sauka.

Don haka in ka shiga, zauna ƙasa, kada ka miƙe tsaye. Kada ku taru gefe guda. Riƙe yaronka kusa da kai. Kada ka yarda da fiton dare. In jirgi ya cika, jira ya je ya komo. Gara ka rasa kasuwar yau ka ci ta mako mai zuwa.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne garuruwa Gulbin Maraɗi ke bi?
2. Mene ne bambancin kifewa da nutsewa?
3. Yaya za ka gane jirgi ya cika?
4. Rubuta kalmomi biyar daga cikin karatun nan, ka karanta wa mutanen gidanka.