Taici da Tafiyar Mai Ɗauke da Tulu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya da hantsi ya san yadda mace ke barin wurin idan an aza mata tulu. Ƙasa ta jiƙe, ga santsi, ga ruwa cike har baki. Sai ta gyara gammo, ta miƙe wuya, ta ɗan sassauta gwiwa. Ba ta ɗaga ƙafar hagu sai nauyinta duka ya zauna a kan ta dama. Idan ta miƙa ƙafar, sai ta fara taɓa ƙasa ta ji ko wurin zai riƙe ta, sannan ta sakar masa nauyi a hankali. Idonta yana gaba, ba ya kan yatsunta. A haka za ta ratsa lungu, ta tsallake kwata, ta rage tsawo ta shige ƙofar zaure, ruwan bai zube ba.

Wannan tafiya ita ce abu mafi kusa da taici a cikin rayuwarmu ta yau da kullum. Taici motsa jiki ne na mutanen ƙasar Sin, wanda ake yi a tsaye, sannu a hankali, motsi yana shiga cikin motsi babu yankewa. Asalinsa dabarar faɗa ce da kare kai. Ana danganta shi da ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan da wani mutum mai suna Chen Wangting a ƙarni na 17. Daga baya Yang Luchan ya koya a can ya kai shi birnin Beijing a ƙarni na 19. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin talaka da tsoho su iya, a 2020 kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Har gobe, idan gari ya waye a biranen Sin, za ka tarar da tsofaffi maza da mata sun jeru a wuraren shaƙatawa suna yin sa.

Abin da ya ja hankalin likitoci zuwa gare shi shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne aka fi rasawa. Mu ma mun san labarin. Dattijo ya zame a makewayi yana alwala, ko tsohuwa ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa da daddare, ƙashin ƙugu ya karye. Daga ranar sai kwanciya, mutumin da jiya yake zuwa masallaci da ƙafarsa ya koma sai an kwantar sai an tayar.

Me ke hana mai tulu faɗuwa? Abu uku ne ke ba ƙwaƙwalwarta labari a kowane taku. Ido yana gaya mata inda ta dosa. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan sassa da ke jin duk karkatar da kai ya yi. Tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa kuma suna jin yanayin ƙasa da inda nauyi ya faɗa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa labarin, ta umarci tsokar cinya da ta ƙugu su gyara tsayuwa kafin mutum ya ankara. Idan girma ya zo, dukansu suna rauni. Yana ta rufe ido, ciwon suga ya kashe jin tafin ƙafa, sanyin ƙashi ya riƙe gwiwa, naman cinya ya zube. Taici ba ya mayar da ƙuruciya, amma yana sa abin da ya rage ya riƙa aiki tare, domin kowane motsi nasa horo ne ga waɗannan sassa.

A dubi yadda ake taku ɗaya. Dattijo ya tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gadon baya a miƙe kamar akwai tulu a kansa. Sai ya mayar da nauyinsa kan ƙafar dama kaɗan-kaɗan, har ta hagu ta zama sakayau. Sannan ya ɗaga ta, ya miƙa gaba, ya ajiye diddige ba tare da ya dogara a kai ba. Idan ya ji ya zauna daidai, sai ya shimfiɗa tafin ƙafar, nauyi ya bi a hankali, ƙugu ya ɗan juya, hannaye suna tafiya tare da numfashi. Malaman taici suna nanata wa ɗalibi ya san wace ƙafa ce ke ɗauke da shi, wace ce kuma babu komai a kanta. Wannan shi ne sirrin mai tulu. Sau da yawa tuntuɓe yana zama faɗuwa ne saboda mutum ya riga ya saki nauyinsa a kan ƙafar da ba ta samu wurin zama ba. Wanda ya saba jinkirta nauyinsa, ko ya taka dutse ko santsi yana da damar janye ƙafa.

Akwai kuma tsoro, wanda yakan fi faɗuwar kanta ɓarna. Yarinyar da ke fargabar fasa tulu takan sandare wuya, ta ƙura wa ƙasa ido, ta riƙa jan ƙafa, kuma ita ce ruwa ke fara zubar wa. Haka tsohon da ya taɓa faɗuwa. Sai ya takure jiki, ya gajarta taku, ya daina fita. Mu kuma 'ya'ya da jikoki, don ƙauna, sai mu ƙara masa: “Baba, zauna kawai, me kake so a kawo maka?” “Inna, kada ki tashi, ga buta nan.” Yau da gobe zama ya cinye ƙarfin ƙafa, faɗuwar da ake gudu ta ƙara matsowa. Taici yana karya wannan tsoro ne saboda a kowane zama dattijo yana tsayawa da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, sau da yawa, a wurin da babu haɗari, har zuciyarsa ta sake yarda da ƙafarsa. Idan kuma a cikin jama'a ake yi, ga gaisawa ga hira, kaɗaici ya ragu.

An gwada amfanin taici wajen hana faɗuwa, an kuma ƙirga. A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa na Jami'ar Emory a Atlanta ta Amurka sun fitar da sakamakon bincike kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka yi mako 15 suna taici, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2018 Fuzhong Li na jihar Oregon ya bi mutum 670, su ma 'yan shekara 70 zuwa sama, waɗanda suka taɓa faɗuwa ko tafiya ke yi musu wuya. Masu taici a cikinsu sun yi awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24, da motsi 8 kacal. Faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai, da kashi 31 idan aka kwatanta da masu haɗa motsa jiki iri-iri. Tun a 2012 Li ya gwada taici a kan mutum 195 masu ciwon karkarwa na Parkinson, tsayuwarsu ta inganta. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 108 kan motsa jiki iri-iri a 2019, ragin da ta samu ga taici ya tsaya a wajen kashi 19 cikin 100. Bai kai na farko ba, amma a ce cikin faɗuwa biyar an hana ɗaya, wanda ya taɓa jinyar karayar ƙugu ya san darajar haka.

Babu yarinyar da aka fara aza wa babban tulu. Da ƙaramar ƙwarya ake farawa, ana riƙe mata. Haka ma taici: wanda ƙafa ta yi wa nauyi ya fara a zaune kan kujera mai ƙarfi, ya koyi tashi da zama a hankali, sannan ya tsaya yana dafe da bango ko bayan kujera, wani yana kusa. A share wurin, a ɗauke tabarmar da ke zamewa, kada a yi da silifa. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai an daure watanni kafin a ga canji, kuma idan aka daina amfanin yakan koma. Mai jiri ko ciwon ƙirji, da wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko sabon ɗori, ya fara ganin likita. A duba ido, a duba magunguna, domin wasu na hawan jini da na barci suna kawo hajijiya. Inda babu mai koyar da taici, likitan gashin ƙashi zai iya koyar da atisayen tsayuwa, wanda binciken Cochrane ya nuna yana rage faɗuwa da kusan kashi 24 cikin 100. 

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar su yi atisayen ƙarfafa tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Saboda haka, mai karatu, idan Allah Ya bar maka iyaye ko kakanni, kada kulawarka ta tsaya a kawo musu abinci da magani inda suke zaune. Ka nemi shawarar likita, ka share musu tsakar gida, ka tsaya kusa da su, ka ba su hannu su tashi su taka. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.