Kurkure baki bayan cire haƙorin hankali

Kurkure baki bayan cire haƙorin hankali yana daga cikin matakan da likitocin haƙori ke ba marasa lafiya domin gurbin haƙorin ya warke ba tare da ya yi ƙwari ba. Ana yin sa da ruwan gishiri mai ɗumi ko da ruwan magani, musamman kuloheksidin. Amfaninsa ya dogara ga lokacin da aka fara shi da yadda aka yi shi, domin kurkurar da ke tsabtace rauni a rana ta uku ita ce kuma ke iya ɓata shi a ranar farko.

Haƙorin da sunansa

Haƙorin hankali shi ne turmi na uku, na can ƙarshen muƙamuƙi. Yawancin mutane suna da guda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, wasu kuma ba ya fito musu sam. Yana tsirowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da ake ganin mutum ya fara mallakar hankalinsa, kuma daga nan sunan ya samo asali a Latin da Larabci da Ingilishi. Wasu harsunan sun bi wata hanya: Turkawa suna kiransa haƙorin shekara ashirin, Koriyawa haƙorin soyayya, Japanawa kuma suna ce masa wanda iyaye ba su sani ba.

Da yake shi ne na ƙarshen fitowa, sau da yawa ba ya samun isasshen wuri. Sai ya karkace, ko ya maƙale cikin ƙashi, ko ya fito rabi dasashi ya rufe sauran, abinci ya riƙa taruwa a ƙarƙashin fatar har wurin ya kumbura. Irin wannan haƙori yakan buƙaci a tsaga dasashi, wani lokaci a kankare ƙashi, kafin a fitar da shi.

Yadda gurbin ke warkewa

Da zarar an cire haƙori, jini yakan cika gurbin ya daskare. Wannan gudan jini shi ne murfin raunin. Yana kare ƙashi da jijiyoyin da ke ƙasa, kuma a cikinsa ne sabon nama ke fara tsirowa. Cikin mako guda sabon naman yakan soma maye gurbin gudan jinin, dasashi ya rufe saman cikin mako uku zuwa huɗu, ƙashi kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya cike ramin.

Idan gudan jinin ya fita ko ya narke kafin lokacinsa, ƙashi yakan zauna a buɗe. Wannan shi ake kira busasshen gurbi, sunan da wani likita mai suna Crawford ya fara amfani da shi a 1896. Alamarsa ciwo ne mai tsanani da ke tasowa kwana biyu zuwa huɗu bayan aikin, daidai lokacin da ya kamata a fara jin sauƙi. Yana harbawa zuwa kunne, tare da warin baki da ɗanɗano mara daɗi. A cire haƙori na yau da kullum ba ya wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, amma a haƙorin hankali na ƙasa da ya maƙale yana iya kaiwa kusan kashi 30. Masu shan taba, mata masu shan ƙwayar tsarin iyali, da waɗanda wurin ya riga ya kamu da cuta kafin aikin sun fi fuskantar haɗarin. A 1973 Birn, wani likita ɗan Denmark, ya bayyana cewa gudan jinin narkewa yake yi saboda sinadaran da rauni da ƙwayoyin cuta ke tayarwa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin rage ƙwayoyin cuta a baki zai taimaka.

Awa 24 na farko

A wannan lokaci ba a kurkure baki da komai, ba a kuma tofar da yawu da ƙarfi. Idan jini na tsattsafowa, ana ciza audugar da likita ya bayar na kimanin minti 20 zuwa 30. Ga masu alwala, kurkure baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba, don haka barinta a wannan rana ba ya ɓata alwala. Ana kuma hana shan abin sha da tsinken roba, ko da yake hujjar wannan hani ba ta kai ta hana taba ƙarfi ba.

Ruwan gishiri

Daga rana ta biyu ake farawa. Ana narkar da rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya na gishiri a kofin ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi. Mutum ya guntsa, ya karkata kai ɓangaren raunin na kusan rabin minti, sannan ya buɗe baki ruwan ya zuba da kansa. Kalmar “kurkure” a nan tana iya ruɗar mutum, domin a maganar yau da kullum tana nufin kaɗa ruwa da ƙarfi tsakanin kumatu, alhali abin da ake so ya fi kusa da jiƙa wurin. Ana yi bayan kowane abinci da kafin barci har tsawon mako guda.

Wani bincike da likitoci a Najeriya suka wallafa a 2014 ya raba mutum 120 da aka cire wa haƙori zuwa rukuni uku: masu kurkurewa sau shida a rana, masu yi sau biyu, da waɗanda ba su yi ba. Busasshen gurbi ya fi yawa nesa ba kusa ba a rukuni na uku, kuma ba a ga bambanci tsakanin sau shida da sau biyu ba. Binciken ƙarami ne, kuma bai shafi haƙoran da aka yi wa tiyata ba, amma yana da muhimmanci ga wuraren da kuɗin sayen ruwan magani ke yi wa mutane nauyi.

Kuloheksidin

Kamfanin ICI na Ingila ne ya samar da kuloheksidin a shekarun 1950. A 1970 Löe da Schiøtt suka nuna a Denmark cewa kurkure baki da shi sau biyu a rana yana hana dattin ƙwayoyin cuta taruwa a kan haƙora. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana mannewa a haƙora da fatar baki, ya ci gaba da aiki har kusan awa 12. Ana sayar da shi da ƙarfin kashi 0.12, kamar Peridex a Amurka, ko kashi 0.2, kamar Corsodyl a Turai da wasu ƙasashe.

Shi ne ruwan kurkurar da ya fi samun goyon bayan bincike. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2012, ta kuma sabunta a 2022, ta gano cewa kurkurewa da shi kafin aiki da bayansa, ko sanya nau’insa mai kauri a cikin gurbin, yana rage busasshen gurbi. Ragewa yake yi, ba ya kawar da matsalar baki ɗaya.

Yana da illoli. Yakan rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, musamman ga masu yawan shan shayi da kofi, yakan kuma sauya ɗanɗanon abinci na ɗan lokaci. Shi ya sa ba a cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ana amfani da shi ba. Sinadarin kumfa da ke cikin yawancin man goge baki yana rage masa ƙarfi, don haka ana barin aƙalla minti 30 tsakaninsu. Akwai kuma ’yan tsirarun mutane da jikinsu ba ya karɓarsa. A Birtaniya an samu mutuwar mutum biyu, a 2009 da 2011, bayan an wanke musu gurbin haƙori da shi. Kumburin leɓe ko fuska, ƙuraje ko sarƙewar numfashi suna buƙatar a garzaya asibiti.

Abubuwan da ake kauce wa

Ruwan kurkure baki na kanti an yi su ne don ƙamshin baki da tsabtar yau da kullum. Listerine na asali, wanda aka ƙirƙira a 1879 aka sa masa sunan likitan tiyata Joseph Lister, yana ɗauke da barasa fiye da kashi 25 cikin ɗari, wadda ke sa raɗaɗi a sabon rauni. Haidirojin ferosaid kuma kumfarsa na iya ɗaga gudan jinin. Ɗora asfirin a kan dasashi yana ƙona fatar. Buroshi da asuwaki ana ci gaba da amfani da su a sauran haƙoran, a kauce wa raunin na kwanakin farko. Abinci mai laushi kamar kunu da koko da suka huce ya fi dacewa da goro, gyaɗa ko ƙilishi.

Idan busasshen gurbi ya auku

Kurkure baki ba ya warkar da shi. Likita yakan wanke gurbin da ruwan gishiri na asibiti, ya cusa magani mai kwantar da ciwo, wanda galibi yake ɗauke da yujinol, sinadarin da ake samu daga man kanumfari, sannan ya rubuta maganin rage zafi irin su ibufurofen ko farasitamol. Ba a cika buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai idan akwai zazzaɓi, mugunya ko kumburin da ke yaɗuwa. Ciwon yakan lafa cikin kwana 7 zuwa 10.