Ɗan Alhaji Yana Son Karatun Wasan Kwaikwayo: Me Ake Koyo, Ina Kuma Aikin?

Duk shekara idan bikin matasa na ranar 11 ga Fabrairu ya ƙarato, mu malaman makaranta a nan Tibati ba mu da hutu. Ban da koya wa yara maci, sai mun nemo bakwai ko takwas waɗanda ba su jin kunyar taro, mun shirya musu ɗan wasan kwaikwayo na minti goma sha biyar. A cikin irin waɗannan yara ne muka sami wani, shekarun baya, wanda in ya naɗa rawani ya kwaikwayi mai unguwa yana raba gardamar manomi da makiyayi, har dattawan da ke zaune a rumfa sai sun share hawaye don dariya. Yaron nan ya wuce lise, bana kuma Allah ya ba shi sa'ar jarrabawar bak. Da aka tambaye shi abin da zai karanta a jami'a, sai ya ce wasan kwaikwayo.

Ran nan bayan la'asar sai ga mahaifinsa a ƙofar gidanmu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ku kuka ɓata mini yaro. Shekara 13 ina biyan kuɗin lekol, ashe ɗan kama nake reno?" Muka ce, "Alhaji, zauna tukuna a sha ruwa." Mun daɗe muna magana da shi a ranar. Da yake mun san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba, muka ga ya kyautu mu kawo bayanin a wannan shafi, domin iyayenmu na Garwa da Ngaundere da Banyo su ma su auna.

Da farko dai, Alhaji yana da hujja. A wurin Bahaushe, wasa abin yara ne da maroƙa. Muna son tashe a watan azumi, muna dariya idan 'yan kama suka kwaikwayi malamai suna jan baƙi a kan tuwo da nama, muna kuma jin labarin wasan gauta da matan fada kan yi su kwaikwayi sarki da hakimansa. Amma ba wanda ke yi wa ɗansa addu'ar ya zama ɗan wasa. Sai dai abin da ake koyarwa a jami'a ya sha bamban da abin da Alhaji yake zato, kuma a nan ne maganar take.

Abin da ke cikin karatun

Yaron da ya shiga wannan sashe zai yi shekara uku kafin ya sami lisans a nan Kamaru, ko shekara huɗu idan a Nijeriya ne. Hawa dandali kashi ɗaya ne kawai na aikinsa. Akasarin lokacinsa a kan littafi zai ƙare. Zai karanta tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girkawan dauri, ya bi ta kan Shekspiya na Ingila da Moliya na Faransa, ya gangaro kan Wole Soyinka da namu na gida irin su Guillaume Oyônô Mbia, wanda wasansa Trois prétendants... un mari ya fito a littafi a 1964, mu ma mun karanta shi a aji. Tare da wannan akwai darussan tarihi, da nazarin zamantakewar jama'a, da harsuna, da dokar haƙƙin mallakar marubuci. Dalili kuwa shi ne, wanda bai san yadda aure da gado da sarauta suke a cikin al'umma ba, ba zai iya rubuta wasan da zai taɓa zuciyar kowa a kansu ba.

Sannan ga aikin hannu. Za a koya masa yadda zai ja numfashi ya ɗaga murya har na ƙarshen taro ya ji ba tare da ya yi ihu ba. (Mu da muka fito makarantar horar da malamai, da an koya mana wannan, da ba mu riƙa dishewa kowace Juma'a ba.) Zai riƙe zarto da guduma ya haɗa dandali, ya ja wayar fitilu, ya auna yadi a ɗinka kayan wasa, ya koyi riƙe kyamara da yankan hoto a kwamfuta. Kafin ya gama dole ya shirya wasa guda da kansa: shi zai zaɓi 'yan wasa, ya tsara lokacin gwaji, ya yi lissafin kuɗin da za a kashe, ya sasanta waɗanda suka yi faɗa, ya kuma tabbata an fara a kan lokaci. A ganinmu wannan shi ne darasin da ya fi kowane amfani. Duk wanda ya taɓa haɗa mutum ashirin a kan aiki guda, ba tare da yana biyansu ko sisi ba, har aikin ya kammala, to ya koyi abin da zai ci abinci da shi ko da bai sake hawa dandali ba.

Darasin Zariya

Idan muna son ganin yadda wannan karatu ya haɗu da Hausa, sai mu dubi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can, a ƙarƙashin sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda ya yi irin wannan aiki a Zambiya kafin ya zo. Ko gidan wasan da aka gina musu ma abin lura ne: wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara shi da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da zaure da tsakar gida, maimakon kwaikwayon manyan gidajen wasa na Turai.

Malaman nan ba su bar ɗalibai a cikin harabar jami'a ba. Sukan tura su garin Samaru, wanda ke daura da jami'ar, su shiga kasuwa da gidaje su tambayi mutane abin da ke damunsu, su dawo su mai da abin da suka jiyo wasa, sannan su koma su nuna wa masu abin. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa karkara, aka je Soba da Maska da Bomo, inda aka yi wasanni da Hausa a kan matsalolin manoma, irin su takin zamani da filayen noma. Sannu a hankali suka gane cewa bai isa ɗalibi ya zo daga birni ya yi wa talaka wa'azi ba. Sai aka koma barin mutanen gari su shiga cikin wasan, su tsayar da shi, su ce a'a, ba haka abin yake faruwa ba, ga yadda yake. Daga wannan makaranta ne aka sami irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, waɗanda suka zama malamai suka ci gaba da yaɗa hanyar.

Ku dubi abin da ɗalibi ke koya a nan. Yana koyon gaishe da dagaci, da sauraron tsohuwa har ta gama maganarta, da bambance abin da mutum ya faɗa da abin da yake nufi. Wannan bincike ne sosai, irin wanda ƙungiyoyin raya karkara da na kiwon lafiya ke biyan kuɗi a yi musu.

Har ila yau a 1975 ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka fitar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a siffar wasan kwaikwayo. Wato ke nan ilmin jami'a da adabin Hausa sun daɗe da sanin juna.

A nan gida Kamaru

Kada a ɗauka abin na maƙwabta ne kawai. A watan Disamba na 1984, Hansel Ndumbe Eyoh na Jami'ar Yawunde ya jagoranci wani taron horo a yankin Kumba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tarar shi ne wasu ƙauyuka uku na wajen Konye da suka daɗe ba su jituwa a kan maganar gada a kogin Mungo, mutane kuwa suna ƙetarawa ta gadar igiya. Da aka nuna musu halin da suke ciki a cikin wasa, sai ga su sun zauna wuri guda suna tattaunawa. Bole Butake, wanda ya rasu a 2016, shi ma ya yi shekaru yana koyarwa a Yawunde yana kuma fita da ɗalibai karkara. Da muka ba Alhaji wannan labari sai ya ce, "To ai mu ma ga rigimar masunta a Mbakawu, ga ta shanu da gonaki kowace damina." Muka ce ai ka ga inda ɗanka zai yi amfani.

Wuraren karatun suna nan. Jami'ar Yawunde ta Ɗaya tana koyar da wasan dandali da fim a sashenta na fasaha da binciken kayan tarihi. Akwai makarantar fasaha ta Fumban a ƙarƙashin Jami'ar Dschang, wadda ɗan Tibati zai iya kaiwa ta hanyar Banyo, da kuma ta Nkongsamba a ƙarƙashin Jami'ar Duwala. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ita ma tana da makarantar fasaha. Irin waɗannan makarantu da jarrabawar gasa ake shiga, saboda haka sai uba ya sa a karanta masa sanarwar shekarar, ya ga sassan da aka buɗe kafin ya sayar da sa.

Ina aikin?

Nan ne Alhaji ya matsa mana, kuma ba mu ɓoye masa ba. Babu wani gidan wasa a arewacin Kamaru da zai ɗauki ɗanka ya riƙa biyansa albashi duk wata don ya hau dandali. Wanda ya ce maka akwai, ya ruɗe ka. Takardar ma ba ita ke sa mutum ya shahara ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, daga bariki ya ɗauko abin da ya yi shekaru yana ba mu dariya da shi a rediyo da talabijin na Kaduna. Waɗanda suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar finafinan Hausa na bidiyo, 'yan ƙungiyar wasa ta Tumbin Giwa ne. Ali Nuhu kuwa labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, amma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya.

To in haka ne, me ya sa za a ɓata shekara uku? Amsarmu ita ce, mu da ke sayen finafinan Kano tun zamanin kaset mun san inda suke da rauni. Fuskoki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai rubuta labarin da zai tafi daidai daga farko har ƙarshe, da mai ba da umarni, da mai sauti, da mai fitila, da wanda zai riƙe lissafi ya kuma san yadda ake rubuta yarjejeniya don kada a cuci 'yan wasa. Waɗannan su ne ayyukan da karatu ke gyara mutum dominsu. Ban da fim, wanda ya gama yana iya shiga gidan rediyo ya shirya wasannin faɗakarwa, ko ya yi wa ƙungiyoyi aikin wayar da kai a kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata, ko ya nemi aikin ma'aikatar al'adu, ko ya sake wata gasa ya dawo aji kamarmu. Mafi yawansu sukan haɗa biyu ko uku ne kafin tukunya ta tafasa.

Akwai kuma abu guda da muke jan kunnen yaranmu a kai. A jami'o'in ƙasar nan da Faransanci ko Ingilishi za a koya maka, ba da Hausa ba. Alhali kuwa ita ce jarinka. Masu iya Faransanci a dandali sun yi yawa a Yawunde da Duwala, ba za ka fi su ba. Amma yaron da ya tashi a Tibati yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, in ya ƙara da ilmin tsara wasa, yana iya aiki daga Garwa har Yola da Kano da Damagaram. Abin takaici, da yawa daga 'ya'yanmu ba su iya rubuta Hausar boko ba, ba su san inda ake sa ƙugiya a ƙ da ɗ ba, ba su taɓa ganin Wasan Marafa na Abubakar Tunau ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma na Mohammed Sada ba. Laifin namu ne mu manya, da ba mu ajiye littattafan a gida ba. Mun ba yaron nan tsohon kwafinmu na Jatau Na Kyallu, muka ce kafin ya tafi ko'ina ya rubuto mana wasa na shafi goma da Hausa a kan kasuwar kifi.

Maganar tarbiyya kuwa, wadda ita ce ainihin abin da ke cin Alhaji a rai, ba mu raina ta ba. Ko a Kano, a 2016, sai da aka janye shirin gina ƙauyen finafinai saboda adawar malamai da jama'a. Abin da muka ce masa shi ne, sashen lauya da na likita ma suna fitar da na kirki da na banza, kuma yaron da aka kora daga abin da yake so ya fi saurin bin bayan gida ya yi shi ba da sanin kowa ba.

Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya tambaye mu kuɗin rajista, muka ce a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, ban da ɗaki da abinci da kuɗin mota zuwa Ngaundal a hau jirgin ƙasa. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce yana da ƙane mai shago a Briketeri, unguwar Hausawa ta Yawunde, in har abin ya tabbata to a gidansa yaron zai zauna, ba a ɗakin haya ba. Ya kuma ce idan wasan kasuwar kifin ya kammala a kawo masa, a karanta masa shi daga farko har ƙarshe kafin ya yanke magana.