Dokar da ta Tsaya wa Yara

Da yawa cikinmu muna tsammani yaro kayan ubansa ne, abin da aka yi masa a gida ba ruwan kowa. To, hukuma ba haka ta ɗauka ba. Yaro ba shi da ƙarfin kare kansa, ba shi kuma da bakin kai ƙara. Shi ya sa doka ta tsaya masa.

A 1960, sa'ad da Arewa ta ke dunƙule, aka fara aiki da babbar dokar laifuffuka, wadda mu ke kira Final Kot. Da aka raba Arewa jiha-jiha a 1967, kowace jiha ta gaji dokar nan, tana gyara ta ta hannun majalisarta. Don haka hukuncin Kano ya kan bambanta da na Kaduna. Amma tushen ɗaya ne. Ga abin da dokar ta asali ta tsara.

Uwa ko uba ko mai riƙo, in ya yar da yaron da bai kai shekara 12 ba, ana iya ɗaure shi har shekara 7. Wanda ke riƙon yaron da bai kai shekara 15 ba, in ya azabtar da shi, ko ya yi banza da shi da gangan har ya wahala, ɗaurinsa ya kan kai shekara 2. In lafiyar yaron ta taɓu ƙwarai, sai ya kai 5. Ku lura, wannan ya haɗa da matar uba, da malamin allo, da uwar ɗakin da aka kai wa yarinya aikatau. Horo dabam, ƙona hannun yaro don ya ɗauki tsokar nama dabam.

Mafi muni shi ne lalata yarinya. In ba ta kai shekara 14 ba, kuma ba matarsa ba ce, doka ba ta sauraron mai cewa, ai da yardarta. Fyaɗe ya yi. A 2020 Jihar Kaduna ta tsananta nata hukuncin: namijin da ya yi wa ƙaramin yaro ko yarinya fyaɗe, a yi masa dandaƙa, sa'an nan a kashe shi.

A nan ne mu kan yi kuskure. Abin ya faru, sai dattawa su taru a zaure, a ce a rufa asiri, mai laifi ɗan gari ne, ko ma ɗan'uwa. A ba da 'yan kuɗi, a ce magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Irin wannan laifi hukuma aka yi wa, doka ba ta ba iyaye ikon yafe shi ba. Wanda aka rufa wa asiri kuwa yana nan cikin gari, 'ya'yanmu suna wucewa ta ƙofar gidansa da talla.

In abin ya auku, Allah ya kiyaye, kada mu daki yarinyar, kada mu yi mata tsawa, ba ita ta yi laifi ba. Kada a yi mata wanka tukuna, kada a wanke tufafinta, don shaida ce a gaban alƙali. A gaya wa mai unguwa da 'yan sanda, a kai ta asibiti ran nan. Akwai maganin da ke hana ƙanjamau kama ta, amma sai an fara sha kafin kwana 3 su cika.